Shekarar da Aka Tuhumi Dorina da Laifin Arha

A wani daji da ke kwance tsakanin duwatsu da wani babban kogi, dabbobi sun daɗe da barin cin junansu, sun koma ciniki. Tsofaffin cikinsu sukan ce bambancin ba shi da yawa, sai dai yanzu akan yi sallama kafin a fara.

Kasuwarsu tana ci ne a bakin mashigi, kuma babu abin da ya kai aya tafiya a cikinta. Da ita ake kunu, da ita ake dakuwa, ita uwa take jiƙa wa ɗanta idan nono ya ƙafe. Haƙar aya sana'ar gadu ce tun kaka da kakanni. Shugabansu shi ne Gadu Barmo, wani ƙato mai karyayyen haure, wanda ya daɗe da barin haƙa da hancinsa ya koma tsayawa a kan masu haƙa. Ƙasar dajin laka ce mai tauri, saboda haka ayar gida ba ta taɓa yin arha ba, ko da yake ta fi kowace zaƙi.

A tsallaken kogin akwai wani daji mai ƙasar yashi, inda aya ke fitowa da ɗan tono kaɗan. Dorina Marka ce take ɗauko ta a gadon bayanta kowace ranar kasuwa. Takan ratso ruwa ta sauke, ta sayar ƙasa da farashin gadu, sannan ta sayi garin kuka a hannun birai ta koma da shi, domin 'yan tsallake ba su da bishiyar kuka.

A shekarun ƙoshi wannan bai dami kowa ba. Masu hali suna sayen ta gadu don zaƙinta, ƙananan dabbobi suna layi gaban Marka. Barmo kansa yakan aika a sayo masa ta Marka da safe, ya cuɗa da tasa, ya sayar da rana. 'Yar'uwa yake kiranta. A wani bikin kaka har ya tashi ya yi jawabi, ya ce kogin nan hanya ce da Allah ya shimfiɗa tsakanin dangi, kuma duk mai son toshe ta maƙiyin dajin ne. Aka yi masa tafi sosai.

Cikin masu layin Marka akwai Bushiya Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, ita kuma ta iya dakuwa. Takan sayi ayar Marka ta soya, ta daka da gyaɗa da ɗan yaji, ta dunƙula, ta zauna da faifanta a bakin hanya. Ribar ba ta da yawa, amma tana ɗora tukunya. Bushiyoyi da zomaye da ɓeraye da yawa haka suke rayuwa, kowa da ɗan faifansa, babu wanda ya san yawansu domin babu wanda ya taɓa tambaya.

Sai damina ta yi gardama. Ta shekara mai bi ma ta yi. Laka ta bushe ta koma kamar dutse, gadu suna haƙa hancinsu yana jini, abin da suke samu bai cika tafin hannu ba. Ayar gida ta yi ƙaranci, ta yi tsada. Waɗanda a da suke masu hali suka wayi gari ba su da shi, suka sunkuyar da kai suka shiga layin Marka. Barmo ya sallami rabin masu haƙarsa. Waɗanda aka sallama ba su da wurin zuwa, sai suka riƙa wuni a ƙofar Ɓauna Nomau, shugaban majalisar daji, suna dai kallonsa idan ya fito, suna kallonsa idan ya shiga. Kujerar Ɓauna kuwa duk shekara ake sabunta ta da muryar dabbobi, kuma gadu suna da yawa, bakinsu ɗaya.

Wata rana da hantsi Barmo ya je wurin Dila Korau, wanda dokokin majalisa suke a kansa.

"Malam Korau," in ji Barmo, "jiya na shiga gidan ƙanena na tarar matarsa tana dafa ɓawon itace. Jama'ata suna mutuwa a tsaye. Ina so a yi wani abu."

"Kamar me?" in ji Dila.

"A roƙi ruwa."

"An roƙa."

"A buɗe rumbun majalisa a raba."

"An raba tun bara. 'Yan majalisa ma ai 'yan daji ne." Dila ya lashi ƙafarsa. "Akwai dai Dokar Jibgi."

Barmo ya san ta, kamar yadda ake sanin wani tsohon dangi da ba a ziyarta. An kafa ta ne tun zamanin da wasu fatake suka zo da gishiri suka jibge shi a banza har masu gishirin gida suka watse, daga nan suka tsauwala farashi. Dokar ta ce duk baƙon da ya sayar da kaya a nan ƙasa da yadda ake sayar da su a gidansa, har ya cutar da sana'ar 'yan gida, majalisa tana da ikon ɗora masa kuɗin fito mai nauyi. Dalilin kafa ta gaskiya ne. Amma tun da aka shiga ƙoshi ba wanda ya sake ambatonta.

"Ai Marka ba ta sauya farashi ba," in ji Barmo. "Yadda take sayarwa bana, haka take sayarwa tun haurena bai karye ba."

"Kuna shan wahala?"

"Muna sha."

"Ita tana sayarwa?"

"Tana sayarwa."

"To, ka kawo ƙara. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun aikina ne."

Majalisa ta zauna a gindin tsamiyar da ta saba zama. Barmo ya miƙe, ya sa aka jera masu haƙarsa a gaba don kowa ya ga hancinsu.

"Allah ya ja zamanin shugaba," ya fara. "Ban zo da dogon bayani ba, na zo da waɗannan fuskoki. Ku dube su. Iyayensu ne suka ciyar da dajin nan tun kafin a san akwai wata ƙasa a bayan ruwa. Yau suna zaune babu aiki, ayarsu tana kwance babu mai tayawa, alhali baƙuwa tana sayar da tata kafin rana ta take. Ta yaya aya za ta ratso kogi, ta sha dako, ta zo ta fi wadda aka haƙa a bayan gida arha? Akwai manufa a ciki. So ake mu manta da haƙa, ranar da gadu na ƙarshe ya ajiye hancinsa, ranar za ku ji ainihin farashin tsallake. Ba tausayi muke roƙo ba. Doka muke roƙo, wadda kakanninmu suka bar mana."

Kukan nasa ba na ƙarya ba ne, hawaye na gaske ya zubar, kuma da yawa sun taya shi.

Aka ba Marka dama. Ta fito daga ruwa da nauyin jikinta, ta tsaya can gefe don kada ta taka wani.

"Ranka ya daɗe, ni baƙuwa ce, ban iya maganar majalisa ba, sai ku yi haƙuri da yadda za ta fito. Farashina bai motsa ba. Ku tambayi duk wanda ya taɓa saye a hannuna. Kayan ma bana ban kawo rabin abin da na saba ba, domin farin nan ya taɓa mu a can. Ban ja kowa zuwa layina ba, yunwa ce ta kawo su, kamar yadda ƙoshi ya kai su wurin gadu a da. Yaya Barmo ya san ayata, ya sha aikowa a saya masa. Na ga hancin yaran nan, kuma wallahi raina ya ɓaci, amma ba ni na busar da laka ba. Abu ɗaya nake so a fahimtar da ni. Idan arhata laifi ce, me ya hana ta zama laifi duk shekarun da kuke ƙoshe?"

"A shekarun nan babu wanda ya kawo ƙara," in ji Dila, a hankali.

Tun da dokar ta ce sai an san farashin gidan baƙo, majalisa ta tashi Zalɓe Arzika ya je ya gano. Zalɓe dattijo ne mai jinkirin magana, wanda bai iya ƙari ba, bai iya ragi ba. Ya haye kogi, ya zaga kasuwannin tsallake, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya yana sauraron ciniki, ya dawo.

"Ranka ya daɗe," ya ce a zama na gaba, "na je na gani. Ayar da Marka take sayar mana, a can ta fi arha. Ladan dakonta kawai ta ɗora a kai, shi ma bai taka kara ya karya ba. A nan ta fi tsada, a gidansu ta fi sauƙi. Iyakar abin da idona ya gani ke nan."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Ƙananan dabbobi da ke can baya suka fara murmushi, domin ko su sun gane cewa wannan kishiyar abin da dokar ta hana ne. Ɓauna ya dubi gadu da ke jere a gabansa, ya dubi Dila.

Dila ya miƙe, ya kakkaɓe wutsiyarsa.

"Majalisa tana godiya ga Malam Arzika, ya yi tafiya mai nisa. Sai dai akwai abin da ido ba ya gani daga sama. Kasuwar tsallake ba kasuwa ba ce da za a dogara da ita. Me ya sa ayarsu take arha? Yashi. Ƙasarsu ce take yi musu rabin aikin. Na tambaye ku, sun biya yashin nan? Ba su biya ba. Farashin da aka gina a kan taimakon da ba a biya ba, farashin ƙarya ne, kuma majalisa mai mutunci ba ta auna gaskiya da ƙarya. Saboda haka wajibi ne mu ƙaddara farashin gaskiya da kanmu. Mu tambaya, nawa ayar nan za ta ci da a ce gadu ne ya haƙo ta, a ƙasarmu, a bana, mu sa wahalarsa, mu sa abincin iyalinsa, mu sa maganin hancinsa, mu sa ɗan abin da ya kamaci shugabansa. Wannan shi ne farashin aya. Duk abin da ya gaza shi jibgi ne."

"To, ni me aka aike ni in gano?" in ji Zalɓe.

"Doka ta ce a aika," in ji Dila, "kuma an aika."

A nan ne aka ji wata 'yar murya daga baya tana neman izini. Sai da ta maimaita kafin a gane daga ina take fitowa. Bushiya Tasalla ce, ta hau kan saiwar tsamiya don a gan ta, ɗan autanta yana goye.

"Ranka ya daɗe, sunana Tasalla, dakuwa nake yi a bakin hanya. Ba ni da ƙungiya, ba ni da mai yi mini magana, shi ya sa na zo da kaina. Ayar Baba Barmo tana da daɗi, na taɓa ɗanɗanawa a wani biki. Amma ko a shekarar ƙoshi ban iya sayenta ba, balle yanzu. Idan kuka ɗaga ta Iya Marka, ba wurin gadu zan koma ba, gida zan koma in zauna. Ni da irina muna da yawa, sai dai ba mu da girma, kuma ba mu san juna ba. Yaran gadu suna jin yunwa, na yarda, nawa ma suna ji. Ina roƙo kada a ɗauke abincin nawa a ce an ba nasu, don na tabbata ba zai kai bakinsu ba. Babu aya a cikin ƙasar nan bana. Ko an kori Iya Marka, ƙasa ba za ta yi laushi ba."

Wata tsohuwar gadu a sahun gaba ta sunkuyar da kai.

"Maganar baiwar Allah tana da taɓa zuciya," in ji Dila. "Sai dai dokar ta san ɗan gida mai sana'a, ta san baƙo mai kawo kaya. Ba ta ambaci mai saye ba. Don haka abin da ta faɗa mun ji shi a matsayin dabbobi, amma ba mu ji shi a matsayin majalisa ba."

Ɓauna Nomau ya yi gyaran murya ya yanke hukunci. Ya ce daji da bai iya kare masu sana'arsa ba bai cancanci sunan daji ba. Ya ce majalisa ba ta gaba da kowa, kuma ƙofar ciniki a buɗe take ga duk mai gaskiya. Ya ce an tabbatar da jibgi, an tabbatar da cuta, saboda haka daga yau duk kayan ayar da ya hauro, za a bar rabinsa a mashigi a matsayin kuɗin fito, a kai rumbun majalisa, har zuwa lokacin da aka sami sauƙi. Gadu suka yi ta ihu suna buga ƙasa.

Da taro ya watse, Zalɓe ya bi Ɓauna a baya.

"Ranka ya daɗe, kai ma ka san ba Marka ce ta hana ruwa ba."

"Na sani, Arzika." Ɓauna bai juyo ba. "Ka je ka kawo mini gajimare gaban majalisa, in hukunta shi a gaban kowa. Jama'a suna ƙofata suna jiran su ga na yi wani abu. Fari ba ya amsa kira. Marka tana amsawa."

Ranar kasuwa ta gaba Marka ta bar rabin kayanta a hannun Kura mai gadin mashigi, ta ninka farashin sauran don kada ta koma da asara. Barmo ya dubi sabon farashinta, ya ɗaga nasa ya tsaya dab da shi. Ya mayar da 'yan kaɗan daga masu haƙarsa bakin aiki, ba da daɗewa ba ya sake sallamarsu, domin babu abin haƙa. 'Yar ayar da ke ajiye a rumbunan manyan gadu ita ce ta yi daraja, ribar kuma ta tsaya a inda rumbunan suke. Matar ƙanen Barmo ta ci gaba da dafa ɓawon itace.

Tasalla ta rage girman dakuwarta. Daga baya ta fara haɗawa da dusa. Masu saye suka ɗanɗana suka tofar, su ma ba don wulaƙanci ba, sai don abin da suka bayar shi ne na ƙarshe a hannunsu. Faya-fayai suka riƙa ɓacewa daga bakin hanya ɗaya bayan ɗaya.

Su kuwa sauran masu sana'a sun ga abin da gadu suka samu. Tsuntsaye masu saƙar kwando suka kai ƙarar kwandunan da ke saukowa daga duwatsu. Masu zuma suka kai ƙarar zumar arewa. Har masu gishiri, waɗanda suka shekara da shekaru suna sayen na fatake suna sake aunawa, suka tuna cewa don kakanninsu aka kafa dokar tun farko. Babu farashin baƙo ko ɗaya da ya sauya, aljihun 'yan gida ne ya sauya. Majalisa ta koma zama kullum. A duk dajin Dila ne kaɗai gashinsa yake ƙyalli a shekarar nan.

Abin da ba a yi tunani ba shi ne, tsallake ma suna da majalisa, suna da fari, suna da nasu dilan. Masu busar da kuɓewa a can suka kai ƙarar garin kuka. Majalisarsu ta bincika ta gano cewa bishiyar kuka da kanta take tsirowa, birai ba su shuka ta ba, ba su biya ta ba, don haka arhar garin kuka arhar ƙarya ce. Suka ɗora masa rabi. Da labari ya iso, Ɓauna ya yi jawabi mai zafi, ya kira hukuncin zalunci tsagwaro wanda babu hankali a cikinsa, ya ce bai taɓa jin an tuhumi wani da laifin kyautar Allah ba. Birai suka zauna a kan tulin garin da babu mai saye, daga baya su ma suka koma wuni a ƙofarsa.

Yanzu Marka tana barin rabi a zuwa, tana barin rabi a komawa. Ta yi ta jurewa har ta ga tafiyar ba ta ciyar da ita. Ranar da ta zo ta ƙarshe, layinta gajere ne. Da ta kusa tashi sai ta hangi Tasalla a gefe, ba faifai, ba ƙwarya, tana rungume da autanta.

"Tasalla, yau ba ki shiga layi ba."

"Ba ni da abin shiga, Iya. Na zo ne mu yi sallama, na ji an ce ba za ki dawo ba."

Marka ta sunkuyo ta dubi yaron. Ƙayoyinsa sun kwanta, idanunsa a buɗe amma ba ya bin komai da kallo.

"Tun yaushe?"

"Nono ya ƙafe. Da kunun aya nake riƙe shi."

Marka ta tura sauran ayar da ke gindin buhu da bakinta zuwa gaban Tasalla. "Ɗauki. Ki jiƙa masa yau."

Kura ya taso daga inda yake kwance. "Nawa kika sayar mata?"

"Ban sayar ba. Kyauta ce."

"Kyauta." Kura ya girgiza kai kamar mai jin tausayi. "Hajiya Dorina, an hukunta ki don kin sayar da arha, yanzu kuma kin sauko har babu farashi gaba ɗaya? Wannan ai shi ne jibgin da ya fi kowane. Ni ba ni na yi dokar ba. Idan na bari, gobe a ce na ci amana." Ya ja buhun zuwa wajen na majalisa.

Marka ta buɗe bakinta gaba ɗaya, irin buɗewar da ke sa kada ya canja hanya. Kura ya ja da baya, amma bai saki buhun ba, kuma 'yan'uwansa suka miƙe daga ƙarƙashin kalgo. Tasalla ce ta shiga tsakani.

"Bari, Iya. Idan kika taɓa shi, mu za a huce a kanmu."

Yaron bai kai ranar kasuwa ta gaba ba. Tasalla ta tona masa rami a bakin kogi, inda ƙasa take da ɗan sauran danshi, domin ko'ina ya fi ƙarfin farcenta. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Da ta gama ta zauna a wurin tare da sauran 'ya'yanta har rana ta karkata, sai ga kan Marka ya ɓullo daga ruwa. Ba kaya ta kawo ba. Zalɓe ne ya kai mata labari.

"Ku hau," in ji Marka. "A can ma akwai yunwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma aya tana nan a farashinta."

Tasalla ta dubi dajin da aka haife ta, ta dubi ɗan tudun ƙasar da ke gabanta, ta tura 'ya'yanta suka hau. Ta tambayi Kura ko akwai abin da za ta biya.

"Fita ba ta da kuɗin fito," in ji Kura. "A sauka lafiya."

Bayanta wasu suka bi. Kogin ya janye sosai a ranin nan, har zomo yana iya tsallakawa daga dutse zuwa dutse. Bushiyoyi suka tafi, ɓeraye suka tafi, birai suka bi ta rassan da suka sunkuya kan ruwa. Daga ƙarshe samarin gadu da aka sallama su ma suka haye, suka shiga ƙodago a gonakin yashi, suna haƙa wa 'yan tsallake ayar da aka hana ta shigowa domin a kare su. Ƙanen Barmo yana cikinsu. Bai yi wa wansa sallama ba.

Barmo ya rage da rumbu da farashi mai kyau da kasuwar da babu kowa. Ayarsa ta fara hunhuna. Ya koma wurin Dila, ya rame, haurensa mai lafiya ya yi masa nauyi a fuska.

"Malam Korau, har yanzu muna shan wahala. Ta ma fi ta da."

"Wa yake sayarwa yanzu?"

"Babu kowa."

"To, wa za mu kai ƙara?" in ji Dila. Ya yi tunani da gaske, domin shi ma aikinsa ya fara ja baya. "Ka yi haƙuri, Barmo. Dokar tana bukatar baƙo."

Ruwa ya dawo a lokacin da ya ga dama. Laka ta yi laushi, aya ta cika ƙasa, har tana ruɓewa a ciki saboda ƙarancin masu haƙa. Zalɓe ya tashi a majalisa ya tunatar cewa an ce kuɗin fiton na ɗan lokaci ne, har a sami sauƙi, ga shi kuwa an samu. Dila ya amsa cewa sauƙin nan a ƙarƙashin dokar aka same shi, wanda ya nuna tana aiki, kuma babu mai hankalin da zai cire abin da ke aiki. Ya ƙara da cewa idan aka cire, cutar za ta iya dawowa. Aka ƙara wa'adi. Aka aika wa tsallake cewa idan suka fara cire nasu za a duba. Su ma suka aiko da irin wannan saƙon. Marka dai ba ta ji ko ɗaya ba, ta daɗe da samun wata kasuwa can ƙasan kogi, inda Tasalla take bin ta da faifai. An ce dakuwarta ta koma yadda take, ita ce dai ba ta koma ba, ba ta cika magana da masu saye ba.

A bikin kaka na shekarar aka sabunta wa Ɓauna Nomau kujerarsa ba tare da hamayya ba. Aka karrama Barmo da sarautar Garkuwan Sana'a. Ɓauna ya yi jawabi a kan yadda dajin ya tsaya da ƙafarsa a lokacin tsanani, ya ce yau babu ƙwayar ayar baƙo ko ɗaya a kasuwarsu, kuma majalisa ba ta sake jin wani yana kukan tsada ba. Duka biyun gaskiya ne. Dila ya jagoranci tafi.

Masu shirya bikin sun kuma lura, cikin jin daɗi, cewa bana kowa ya sami wurin zama a inuwa.